Igiyar Rai da Rumbun Malam Kakale

Kwanan baya wasu samari uku suka zo da injin yankan itace za su rage wa bishiyar dogon yaron da ke bakin layinmu kai, nan Gwadangaji. Ina zaune a kan tabarma ina kallon ikon Allah. Ɗayansu ya tuɓe takalmi ya ɗare, babu igiya, babu ɗamara, inji na rataye a kafaɗarsa kamar jakar makaranta. Na ce masa, "Ɗana, ina igiyakka?" Ya leƙo yana dariya ya ce, "Baba, hawan icce har wani abu na? Ko biri na yi." Na ce gaskiyarsa, sai dai biri ba ya hawa da inji, kuma ban taɓa jin an kai ƙarar biri don ya fasa wa mutum kwanon rufi ba. Kafin la'asar sun tsinke wayar wutar maƙwabcina. Da suka zo neman in sa baki, na buɗe musu tafin hannuwana, suka ga tsakiyarsu sumul, zanen hannu duk ya goge. Suka tambaya ko wuta ce ta ƙone ni. Na ce igiya ce, in suna da lokaci su zauna su ji.

Sunana Nomau. Na yi sana'ar hawan bishiya da igiya tun Birnin Kebbi tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, lokacin da ko takardar banza sai ta je can an sa mata hannu. Mu ba masu saran itacen girki ba ne, kada ku haɗa mu. Mu ake kira idan reshe ya yi barazana ga ɗaki, ko ya shiga waya, ko bishiya ta yi ciwo ana so a yanke ciwon a bar mata ranta. Kuma ina faɗa da bakina, ba yabon kai ba: duk tsawon aikina reshe bai taɓa fasa mini ginin mutum ba. Sau ɗaya ne aka kusa.

Wanda ya koya mini shi ne Baba Arzika, wani gajeren tsoho mai faɗa, wanda ya yi aiki da ma'aikatan gandun daji tun zamanin Turawa, ya kuma ɗebi ƙulle-ƙullen igiya a wurin masuntan Argungu. Na je masa da zumuɗi, ina ganin washegari zan hau sama. Ya miƙo mini damin rama ya ce in zauna in yi tufka. Wata uku ina tufka har cinyata ta yi kanta, ban taɓa ko ɓawon bishiya ba. Ran da na yi ƙorafi ya ce, "Wanda bai san yadda anka haihi igiya ba, ba shi sanin rad da za ta mutuwa." Na koma na zauna.

Igiya biyu muke aiki da su, kuma ba a haɗa su ko a wurin ajiya. Akwai igiyar kaya, ta rama, kauri kamar wuyan hannun yaro, tufka uku, ita ke sauke reshe. Akwai igiyar rai, wadda ke riƙe mutum. Tawa irin ta jirgin ruwa ce, wani Bayarabe mai shagon kayan gini, wanda ya fi ni iya Kabanci, Hausarmu ta Kebbi, shi ne ya sa aka kawo mana ita daga kudu. Igiyar rai ba ta ɗaukar kaya, ba a aronta, ba a taka ta. Sai ɗamara ta fata mai faɗi da baduku ya ɗinka, ana ɗaura ta a ƙugu ta zagayo ƙarƙashin cinya. Baba Arzika in yana ɗaura mini ita sai ya ce ana ganin wuyan biri ake ɗaure shi a ƙugu. Sauran kaya ba su da yawa: zarto, ɗan gatari, adda, da magagari na wasa haƙoran zarto.

Ku da kuke cewa hawa ne kawai, ga yadda ake yi. Ka ƙulle dutse a tsumma, ka ɗaura masa siririn zare, ka jefa ya ratsa inda reshe mai rai ya rabu da uwar bishiya, wurin da muke kira hammata. Da zaren za ka ja igiyar rai ta haye. Kafin ka ba ta ranka, mutum biyu su rataya a kanta su yi lilo. Sannan ka ɗauki 'yar gajeriyar igiya ka naɗe ta sau uku a jikin babbar, ka ɗaura a ɗamara. Wannan naɗi, in ka sakar masa nauyi ya cije, in ka ɗaga jikinka ya saki ka tura shi sama. Wani irinsa a ƙafa. Ka taka, ka tura, ka zauna, ka taka, ka tura, ka zauna. Mai gaggawa ya gaji tun a rabi. In ka isa sama, duk ƙullin da za ka yi ya zama wanda hannu ɗaya zai kwance, domin ɗaya hannun yana da aikinsa. Mai ɗaurin kawo wuƙa ba ya daɗewa a sana'ar nan.

Akwai wata tsamiya da muka yi wa aski a bayan wani shago a kasuwa, a can na koyi sara. Na ɗora zarto daga sama na yi ta ja, reshen ya tafi da ɓawon bishiyar har tsawon mutum, ya bar ta da rauni fari fat. Da na sauko, Baba Arzika ya kama kunnena ya kai ni gindinta ya ce in ba ta haƙuri, a gaban 'yan kasuwa. Daga ran nan na san ana fara yanka ta ƙasa, kashi ɗaya cikin uku, sannan a gama ta sama. Na san ba a yanke babban reshe gaba ɗaya, daga baki ake farawa guntu guntu. Na san kafin ka taka reshe sai ka buga shi da ƙeyar gatari: mai rai yana amsawa a dunƙule, wanda gara ta cinye yana kuka kamar ganga. Zuma kuwa ba ta buƙatar malami, ita da kanta ta koya mini a kan wata kuka, na kwana uku ido a rufe.

Amma dokar da ta fi kowace girma ba ta igiya ba ce. Wanda ya hau bishiya a cikin gari ya fi kowace katanga tsawo. Kafin ka ɗaga ƙafa sai ka yi shela sau uku, "Za a hau bisa!" don mata su kintsa, mai wanka ya fito, mai shanya abin da ba ya so a gani ya kwashe. Duk da haka ido sai ya gani. Za ka ga gidan da ba a ɗora tukunya ba, da gidan da ake ɓoye akuyar da ba tasu ba. Baba Arzika ya ce mini tun ranar farko, "Abin da ido yag gani bisa, bisa aka barinai. Rad da kas sauko da shi, sana'akka ta ƙare, ba mai sake bari ka hau mishi icce." Na riƙe wannan fiye da yadda na riƙe sauran.

Sai shekarar fari ta zo, wadda tsofaffinku ba sa son tunawa. Ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Gulbi ya janye, fadama ta tsattsage har ƙafar yaro na shiga. Bishiyoyi suka riƙa mutuwa a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, don haka mu aiki ya yi mana yawa, abinci ne ya yi kaɗan. Rijiyoyi kuma suka yi nisa, igiyar da ta saba kai guga ruwa ta koma tana lilo a iska.

Wata safiya na fito na tarar da surukina a ƙofar gida, ya taso tun daga Ambursa a kan keke. Sunansa ba zan faɗa ba, har yau da ba ya duniya ina jin nauyinsa. Na durƙusa, kaina a ƙasa. Bayan gaisuwa ya ce, "Malam Nomau, rijiyammu ta tsere muna. Igiyoyin unguwa dut mun ƙulla sun kasa. An ce kana da doguwa." Na san doka sarai. Na san rama in ta sha ruwa aka naɗe ta ba ta bushe ba, daga ciki take ruɓewa, waje yana nan fes. Amma ku gaya mini, wane baki ne zai ce wa uban matarsa a'a a kan ruwan sha? Na shiga na tura igiyar rai ƙarƙashin gado, na ɗauko masa ta kaya. Ban gaya wa Baba Arzika ba.

Ta yi kusan mako biyu a can. Ranar da za mu tafi wani aiki Argungu, da sassafe, sai ga shi ya dawo da ita da kansa, a naɗe tsaf, a bushe, har da ɗan tsumma ya ɗaure ta. Ka'ida ita ce kowace safiya ka bi igiya taku taku, ka murɗa tufkar ta buɗe, ka duba cikinta, ka shinshina. To yana zaune. Ya sha ruwa, ya yi hira, ya ce ma sai ya raka ni tasha. In buɗe igiya a gabansa ina shinshinawa, ai na ce masa ya lalata mini kaya ke nan. Na saɓa ta a kafaɗa muka tafi. A cikin akori-kura Baba Arzika ya ce, "Ka duba igiyoyi?" Na ce, "Na duba, Baba." Wannan ƙaryar tawa ce, ba ta surukina ba.

Mai aikin sunansa Malam Kakale, manomi ne mai babban gida, ga 'ya'ya, ga jikoki, ga tsohuwar mahaifiyarsa, ga dangin da yunwa ta koro daga arewa suka sauka a wurinsa. A bayan ɗakunan akwai wani tsohon madaci, babban reshensa ya bushe ƙayau, ya miƙe daidai saman rumbu. Rumbun ƙasa ne, irin wanda muke kira ruhewa, ya fi tsawon mutum biyu, bakinsa a sama, an kifa masa hular ciyawa. Iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta jefo reshen a kansa. A shekarar nan rumbu shi ne ran gida.

Baba Arzika ya zagaya sau biyu ya ce, "Malam, a kwashe hatcin tukuna, in an gama a maida." Malam Kakale ya girgiza kai ya ce, "Ruhewata ba a buɗe ta gaban jama'a. Ku yi aikinku hakanan, in ba ku iyawa ku bari." Ba wanda ya yi mamaki. A shekarar yunwa mutum ba ya nuna abin da yake da shi, in ya nuna unguwa ta kwana a ƙofarsa, kuma dama maigida ne kaɗai ke leƙa rumbu. Ni a raina na ce rowa ce. Baba Arzika ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ya ce in shirya.

Na yi shela sau uku, mata suka shige ɗaki. Na hau, na zauna a hammatar da ke saman busasshen reshen, na haye da igiyar kaya ta kan wani reshe mai rai. Ɗaya bakin yana ƙasa, an naɗe shi sau biyu a gindin wata tsamiya, Baba Arzika da maza biyu suna riƙe. Ga kuma siririyar igiyar ja a hannun samarin gidan, wadda za su janye kowane guntu gefe kafin a sauke. Abin da ban lura ba shi ne bakin da na hau da shi, shi ne wanda ya yi ta nutso da guga. Wanda ke hannun Baba Arzika lafiyarsa ƙalau.

Ƙananan guntaye huɗu suka sauka lami lafiya. Saura gindin reshen, mai nauyin, ya kai kaurin turmi. Na ɗaure shi, na yanka ta ƙasa, na gama ta sama. Ya rabu a hankali, ya rataya daidai saman hular rumbu, yana juyawa. Na buɗe baki zan ce a ja, sai na ji tas! kusa da kunnena. Tufka ɗaya ta tsinke, ƙura baƙa ta tashi, warin rijiya ya bugi hancina. Kafin in haɗiye miyau ta biyu ta bi ta.

Ban yi shawara da kowa ba, babu lokacinta. Na maƙale reshen da nake kai da cinyoyina, na kwance igiyar rai daga ɗamara da hannu ɗaya, na yi zarge na jefa a wani kututture da ke jikin gungumen, ya kama. Na naɗe ta sau uku a reshen da nake zaune. Baba Arzika yana ihu daga ƙasa, "Nomau! Kak ka kwance! Bar shi shi hwaɗi!" Tufka ta uku ta tsinke. Gungumen ya faɗo kamu biyu, igiyar rai ta cafe shi, duk madacin ya girgiza har haƙorana suka haɗu. Ya yi lilo, bakinsa ya daki hular rumbun, ta tashi ta faɗa can gefe. Ginin kansa ko tsagewa bai yi ba.

Sai na duba ƙasa. Bakin rumbun yana buɗe a ƙarƙashina, rana ta shiga har gindinsa. Babu komai a ciki. Daɓe ne a share fes, da ƙwarya ɗaya a kife, da wani ɗan buhu a ninke. Na ɗaga ido na ga Malam Kakale a tsaye, ba gungumen yake kallo ba, ni yake kallo. Ban taɓa ganin babban mutum ya roƙi abu da ido kamar haka ba. Tsoron faɗuwa da nake ji ya tafi, tausayinsa ya kama ni.

Na ce a ja, suka ja gefe, na riƙa sassauta naɗin a hankali har gungumen ya kwanta a ƙasa. Jama'a suka ɗauki kabbara. Sai na hango samarin gidan sun saki igiyar ja, biyu sun ɗauko hular, ɗaya ya ruga ya ɗauko tsani zai jingina a rumbu. Ina da hanyar sauka ta ka'ida, amma dole sai na sake ɗaura naɗi, kafin nan kuwa wani zai kai bakin rumbun. Na daka tsawa, "Kowa shi tsaya! Ni nit ture ta, ni ka maida ta! Ga sana'ammu haram na wani shi gyara ɓarnar mai hawa!" Babu wannan doka, a nan take na ƙirƙiro ta. Na kama sauran igiyar da ke rataye, gungumen yana riƙe da ɗaya bakin, na sulale da hannu tsirara tun daga sama har ƙasa. Na ji ƙaurin fatata kafin in ji zafin.

Na karɓi tsanin, na hau, suka miƙo hular, na kifa ta da bayan hannu domin tafin ya riga ya saɓule, na daddanne ta da gwiwar hannu. Wani daga ƙasa ya ce, "Ƙasa ba ta zuba cikin hatcin ba?" Na ce masa ya tambayi maigida, ni aikina icce ne. Malam Kakale ya kawo man shanu da kansa ya shafa mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "Allah shi ruhwa maka asiri, duniya da lahira."

A hanyar komawa Baba Arzika ya jawo tsinkakken bakin igiyar, ya buɗe, ya shinshina. Ya ce, "Ruwan rijiyaw wa na?" Na faɗa masa gaskiya. Ya zage ni tun daga Argungu har muka hango Birni, rabi don ƙarya, rabi don na kwance igiyar rai. Ya ce ko hannuna ya warke ba ni ba sama sai na tufka sabuwar igiya daga farko har ƙarshe. Da muka sauka daga mota ya tsaya ya dube ni ya ce, "Waccan dokat taka ta maida hula, ban san ta ba. Ban kuma tambaye ka abin da kag gani ba." Har ya bar duniya bai tambaya ba. Surukina kuwa na tufka masa tasa igiyar rijiyar, doguwa, na kai masa har gida, kowa ya huta.

Damina ta gaba ta yi kyau. Bayan kaka sai ga saƙo daga Argungu, wai Malam Kakale yana da aiki. Na duba igiyoyina taku taku, na tafi. Ya zaunar da ni a zaure, mu biyu, ya ba ni labarin da ban tambaya ba. Ya ce hatsinsa ya ƙare wata biyu kafin ranar nan. Kullum yakan tafi ƙwadago can nesa, wurin masu albasa, ya samo ɗan abin da ya samo ya ɓoye a cikin riga, ya hau rumbu shi kaɗai, ya fito da ƙwarya cike kamar daga ciki ya ɗebo. Ya ce da gidan sun san babu, da samarin sun watse kudu, ruwa ya zo babu mai riƙe garma. Tsohuwarsa kuma ya san halinta, da ta daina cin abinci ta bar wa jikoki. Ya ce, "Suna ganin ruhewa tsaye, sai su yi kwana."

Na ce to ina aikin? Ya ce in hau madacin, wurin da na zauna wancan karon. Na duba sama na ce ban ga reshen yankewa ba. Ya ce, "Kai dai hau."

Na yi shela sau uku, na jefa dutse, na taka, na tura, na zauna, har na isa hammatar. Shi kuma ya jingina tsani, ya hau da tsufansa, ya ɗaga hular rumbun da hannunsa. Duk duniya ba wanda ya san zurfin rumbun nan kamar ni da shi. Ran nan ban ga gindinsa ba, gero ne har baki, wasu zangarniyoyin ma sun leƙo waje.

Ya ɗago kai ya ce, "Ka gani?"

Na ce, "Na gani, Malam."

Ya ce, "To wanga kam, sauko da shi ka hwaɗa ma kowa."